Daga Rijiyar Mai Zuwa Inuwar Gawo: Jawabi a Taron Shekara



Kowa ya shaida yadda zafi ke ƙaruwa, damina kuma ta zama ba a iya mata alkawari. Masana sun ɗora babban alhakin haka a kan iskar kabon da ke fita idan an ƙona fetur, gas ko kwal, domin tana tare zafin rana a sararin samaniya.

Wata dabarar rage ta ita ce a kama ta, a matse ta, a tura ta can ƙarƙashin ƙasa. A nan filayen mai ke shigowa: dutsen da ya riƙe mai shekaru miliyoyi bai tsiyaye ba zai iya zama rumbun wannan iska. Tun 1996 ƙasar Norway ke taskance ta ƙarƙashin teku a filin gas na Sleipner. A In Salah ta Aljeriya an fara a 2004, aka dakata a 2011 bayan an ga alamun tsagewa a dutsen. A Texas ta Amurka kuwa, tun 1972 ake tura ta cikin tsofaffin rijiyoyi don ta koro sauran man da ya maƙale, man da shi ma ƙonawa za a yi. Ke nan ba kowane taskancewa ne tsarkakewa ba.

Batun ya matso kusa da mu, tunda a 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu inda hayaƙin zai tafi.

Zakirai ba ta da rijiyar mai, amma tana da gawo, ɗorawa, kuka da tsamiya, masu zuƙar wannan iska su adana ta a jikinsu ba da inji ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka koma barin tohon itatuwa a gonaki lokacin sassabe, har miliyoyin itatuwa suka dawo.

Mu mazauna birni mu ne masu sayen gawayin da ke cinye itatuwan karkara. Don haka muna roƙon kowa, in ya zo gida da damina, ya dasa itace a gonar gado, ya kuma ɗauki nauyin mai kula da shi har ya kafu.

Allah ya ba mu damina mai albarka.