Faɗuwar Sukarin Jini Bayan Aikin Tumbi



Mu da muka tashi a Jama'a da ƙauyukan Gwarzo da Kabo mun san abin da akan yi idan jiri ya ɗebi mutum: a dama fura, a zuba sukari, a miƙa masa. Yau za mu yi magana ne a kan majinyacin da wannan alheri kan iya cutarwa, watau wanda aka yi wa aiki a tumbi.

Tun shekarar 1881, da Theodor Billroth ya yanke wani sashe na tumbin wata mata a ƙasar Ostiriya, likitoci ke irin wannan aiki, saboda ciwon daji ko gyambon ciki da ya ƙi magani, yanzu kuma har don rage ƙiba. In an rage tumbi, abinci ba ya dakatawa, sai ya zarce cikin hanji gaba ɗaya. Sukari ya cika jini farat ɗaya, jiki ya saki insulin fiye da kima, bayan awa 1 zuwa 3 kuma sukarin ya faɗi warwas. Ga gumi, ga makyarkyata, wani har ya suma. A gida kuwa sai a ce iska ce ta taɓa shi.

Likita kan fara da gyaran ci: a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a bar lemon kwalba da shayi mai zaƙi, a jinkirta shan ruwa sai bayan abinci, a yawaita wake da ƙwai da gyaɗa. In wannan ya gaza, sai a koma ga ƙwaya mai suna akabos, wadda asalinta ta masu ciwon sukari ce. Akan haɗiye ta tare da lomar farko, daga miligiram 25 zuwa 100 gwargwadon umurnin likita. Aikinta shi ne rage saurin narkewar tuwo da shinkafa a hanji, don sukari ya riƙa shiga jini sannu a hankali. Ba za mu ɓoye aibinta ba: takan kawo kumburin ciki da yawan tusa, abin da ke sa wasu su daina sha don kunyar zama cikin mutane.

Ga inda muke roƙon ku saurara da kyau. Ƙwayar tana hana sukarin kanti narkewa da wuri, saboda haka in mai shanta ya fara makyarkyata, ruwan sukari ba zai farfaɗo da shi a kan kari ba. Garin gulukos na kantin magani ake ba shi, kaɗan, in babu a ba shi zuma, kana a bi da abinci mai riƙe ciki. Wanda ya riga ya suma kuwa, kada a ɗura masa kome a baki, a garzaya da shi asibiti.

Akwai kuma allurar oktiriyotayid da ƙwayar dayazokzayid, masu rage fitar insulin, ga waɗanda akabos bai yi wa amfani ba. Waɗannan sai a hannun ƙwararru, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin allurar tana da tsada, kuma takan haifar da tsakuwa a matsarmama.