Sake Ƙera Takobi da Wuƙar Damagaram Bisa Tsohon Samfuri

Takobi da wuƙar hannu su ne makaman ƙarfe biyu da suka zauna a jikin mutanen ƙasar Damagaram bayan da zamanin yaƙi ya wuce. Mashi ya koma jingine a zaure, kwari da baka sun koma hannun mafarauta, amma har yau takobi na rataye a kafaɗar mahaya ranar hawan Sallah a nan Zinder, wuƙa kuma na ɗaure a hannun makiyayi a hanyar Tanut da Tasker. Da yake ba su ɓace ba, akan ɗauka siffarsu ma tana nan yadda take. Wanda ya ajiye takobin da aka ƙera bana kusa da wanda aka gada tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun zai ga akasin haka, a nauyi, a kaurin ruwa, a tsawon mariƙi, har da ɗinkin kube. Sake ƙera makami daidai da na dā sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana da ƙa'idojin da ake koya.

An fi tsara waɗannan ƙa'idoji a Turai, inda maƙera da masu binciken kayan tarihi suka daɗe suna aiki a kan wata wuƙa mai kaifi ɗaya da ake kira saks. Mutanen Ingila da Jamus da ƙasashen arewacin Turai sun yi amfani da ita daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 11, sannan aka daina ƙera ta. Babu maƙerin da ya gaji aikin daga ubansa, saboda haka mafi yawan abin da aka sani game da ita daga kaburbura da gindin koguna da sauran wuraren tono aka samo shi. Wadda ta fi suna an tsamo ta daga kogin Tems a Landan a 1857, tana Gidan Tarihi na Biritaniya yanzu. Tsawonta santimita 72, kaurin bayanta ya kai milimita 8, nauyinta ya kusa kilo ɗaya, kuma an dasa mata haruffa 28 na tsohon rubutunsu da zaren azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Mariƙinta ya ruɓe tun da daɗewa, sai wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikinsa.

Wannan rashi ne ya koya wa maƙeran Turai taka-tsantsan. Masu ƙera wa kasuwa sukan cike giɓin da abin da idonsu ya saba gani: su manna katako biyu a gefen wutsiya su buga ƙusa, su ƙara wani ƙarfe mai tare yatsu. Kayan da aka tono sun nuna akasari ba haka ake yi ba. Mariƙi guda ne na itace ko ƙaho, mai tsawo, ana huda shi a cusa wutsiyar ciki. Kube na fata da aka samu a tonon birnin Yok tsakanin 1976 da 1981, inda damshin ƙasa ya hana su ruɓewa, sun nuna fatar kan haɗiye har wani sashe na mariƙin. Hoton asibiti irin na ƙashi kuma ya bayyana abin da tsatsa ta rufe: a wasu wuƙaƙen an murɗa sandunan ƙarfe an haɗe su da wuta, sannan aka liƙa ƙarfe mai tauri a bakin kaifi kaɗai. Daga nan aka samu ƙa'ida ta farko, wato a ɗauki tsohon makami guda ɗaya sananne, a auna shi, a bi shi. Ba a ɗaukar ruwan wannan ƙarni a haɗa da mariƙin wancan.

Damagaram ta fi Turai sa'a a wannan fanni nesa ba kusa ba. Tazarar lokacin gajera ce. Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, a zamaninsa kuma aka riƙa haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin garin nan, ya rasu ne a 1884. Yaƙin Tirmini, inda Faransawa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 aka yi shi. Makaman wancan zamani da yawa ba su taɓa shiga ƙasa ba. Suna gidajen sarauta da mariƙinsu da kubensu. Maƙera na nan, dukawa na nan, uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi duk ba su sauya suna ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo a rubuce, kuma abin takaici ne a ce wuƙar da ta shekara dubu a gindin kogi an san kaurinta har zuwa milimita, alhali takobin da kaka ya bar wa jika ba a taɓa ɗora shi a kan sikeli ba.

Tambayar farko ga mai son sake ƙera takobin Damagaram ita ce: ina aka ƙera ruwansa? Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shiga kasuwar Kano a shekara, kowane a kan kuɗi 1,000 na wuri, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga garin Solingen na Jamus suka fito. Tsirara ake kawo su, a ƙasar Hausa ake sa musu mariƙi da kube. Hanyar ayarin da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Gat da Abzin da Damargu ta ratsa Zinder kafin ta isa Kano, kuma a unguwar Zongo ta Zinder fataken ke sauka. Saboda haka takobin gado na iya zama aikin ƙasashe biyu. Ba Damagaram kaɗai ba: takobin da ake dangantawa da Alhaji Umarul Futi, wanda Faransa ta miƙa wa Senegal a 2019, ruwansa ƙirar Faransa ne, mariƙinsa aikin gida.

Maƙeran gida ma sun ƙera nasu ruwan, kuma sau da yawa sun kwaikwayi tambarin na Turai, musamman jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, domin mai saye ya saba ganinsa a kan ƙarfe mai kyau. Rarrabe su yana bukatar ido da hannu. Ruwan Solingen yakan lanƙwasa ya dawo daidai, kwarin da aka fafe a tsakiyarsa miƙaƙƙe ne, tambarin kuma bugu ɗaya ne mai zurfi. Na gida yakan fi laushi, layukan kan ɗan karkace, tambarin kuma akan ga alamar an sassaƙa shi da kurfi kaɗan-kaɗan. Wannan karkacewa shaida ce ta hannun da ya yi aikin, kuma mai kwaikwayon da ya miƙar da ita da injin wasa ƙarfe ya ƙera wani takobi ne daban.

Awon da kansa ba ya bukatar kaya masu tsada. Ana shimfiɗa makamin a kan takarda a zana kewayensa. Ana auna tsawon ruwa, wanda a takobi yakan zo wajen santimita 80, da faɗinsa a gindi da tsakiya da kusa da baki, da tsawon kwari guda uku da aka saba gani. Ana rubuta nauyi, a kuma nemo inda takobin ke daidaita idan aka ɗora shi a kan yatsa. Awon da aka fi mantawa shi ne kauri, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Tsohon ruwa yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa har baki, shi ya sa yake da sauƙin juyawa a hannun mai doki. Sabon da aka yanko daga falle ɗaya kaurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. A ido ya yi kama, a hannu kuwa ya zama tabarya. Sai kuma a tuna tsohon ruwa ya sha wasawa shekara da shekaru, don haka faɗinsa na yau bai kai na ranar da ya bar maƙera ba. Kusa da mariƙi, inda dutsen wasawa bai cika kaiwa ba, nan ake gane faɗin asali. Kada kuma a goge tsohon makami da yashi ko magagari domin ya yi ƙyalli, tambari da layuka na tafiya tare da tsatsar.

Ƙarfen shi ne inda aikin ya fi wuya. Narkar da tama tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Wuraren narka da aka gano a dutsen Termit suna cikin mafiya daɗewa a Afirka, ko da yake masana na jayayya a kan shekarunsu. A ƙarni na 20 tarkacen motoci da sauran ƙarfen Nasara suka kashe sana'ar, har ya zama a shekarun 1960 mai bincike Nicole Echard ta ɗauki narkar maƙeran Adar a fim a matsayin abin da ke shirin ɓacewa. Ƙarfen tama ba ɗaya yake da na sifirin ɗin mota ba. Yana fitowa ne dunƙule da datti a ciki, wani gefe ya fi wani tauri, sai an yi ta dukansa ana ninkewa a wutar gawayin ƙirya kafin ya haɗu, kuma wannan ninki yakan bar siraran jijiyoyi a jikin ruwan. Mai kwaikwayon ruwan Solingen zai iya amfani da ƙarfen zamani ba tare da ya yi nisa da gaskiya ba. Mai kwaikwayon ƙirar gida kuwa, ko dai ya nemo tsohon ƙarfen tama, kamar karyayyar fartanya ko gatarin dā, ko a gina murhu a sake narka.

Mariƙi da kube aikin mutum uku ne: maƙerin baƙi, maƙerin fari da baduku. Mariƙin takobi gajere ne, daidai tafin hannu, da faffaɗan ƙarfe a gicciye wanda ake rufewa da fata ko tagulla. Ƙarshensa a tsofaffi dunƙulalle ne, a na baya-baya kuma akan jera faifan tagulla da jan ƙarfe hawa-hawa. Wannan bambanci kaɗai yakan nuna zamanin mariƙi, amma ba ya nuna zamanin ruwa, domin akan sabunta mariƙi a bar ruwan. Kube na bukatar fatar da aka jeme da bagaruwa, da rinin gargajiya irin jan karan dafi, da zobba biyu inda hamila ke kamawa.

Wuƙar hannu ta fi wahalar tantancewa, domin kasuwannin Damagaram sun haɗa Hausawa da Barebari da Buzaye da Tubawa, kowa da irin tasa. Ta Buzaye mariƙinta gicciye ne, ana zura hannun hagu cikin zoben da ke jikin kuben, mariƙin na kallon wuyan hannu. Ta Tubawa a damtse ake ɗaura ta. Kafin a kira wata wuƙa ta Damagaram, sai an bi tarihin gidan da ta fito da wanda ya ƙera ta, a rubuta wannan tare da awon.

Idan aiki ya kammala, maƙeri ya buga tambarinsa da shekara a gindin ruwa, a kuma ajiye takarda mai bayyana samfurin da aka bi, da irin ƙarfen da aka sa, da duk wurin da aka cike da ƙiyasi. Ba a tsufar da sabon makami da gishiri ko hayaƙi. Kwaikwayo mai kyau marar tambari, bayan shekara hamsin a zaure, zai shiga cikin kayan gado, mai awo na gaba kuma ya ɗauke shi a matsayin ƙirar zamanin Tanimun.