Kanun Labarai Suna Wucewa, Jari Yana Girma a Hannun Mai Haƙuri
Jawabin da aka gabatar a taron bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, Sofoline, Kumasi



An ce in yi magana a kan jari, yadda yake girma da yadda yake narkewa. Zan fara da tsofaffin jaridu, domin duk wanda ya buɗe Daily Graphic ta shekarun baya zai ga cewa babu zamanin da ɗan kasuwa bai kwana da fargaba ba.

A 6 ga Maris 1957 labarin na murna ne, Ghana ta sami 'yancin kai. A 1965 aka ajiye fam aka kawo sidi. A 1966 soja suka kifar da Nkrumah. A 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dattawan da ke zaune a nan sun san abin da zango ya gani: an sayar da gidaje da rumfuna a kan abin da bai taka kara ya karya ba, maƙwabta sun rabu da kuka. A 1979 aka rushe kasuwar Makola a Ankara. A 1983 Najeriya ta koro mutanen Ghana, ga fari, ga gobarar daji, ga yunwa. A Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta a dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, sannan juyin mulkin Nijar na 2023 ya tsayar da motocin albasa a hanya, kaya suna ruɓewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a ranar da aka buga shi, sai a ce kasuwa ta mutu. Ga mu nan muna loda mota.

Yanzu mu yi lissafi. A ce mutum ya tsorata a 1957, ya ƙulle fam dubu a akwati. Fam dubu a lokacin dukiya ce ta gaske. Bayan canjin 1965 da na 1967, kowane fam ya zama sabon sidi biyu, kenan yana da sidi 2,000. A Yulin 2007 aka cire sifiri huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Fam dubun nan ya zama pesuwa ashirin, ko ruwan leda ba zai saya ba. Ban ma sa canjin kuɗin 1979 a lissafin ba, wanda aka zaftare wa masu tsabar kuɗi kaso mai yawa, ko takardar sidi hamsin da aka janye a 1982. Kuɗin da ke kwance ba hutawa yake yi ba, ramewa yake yi.

Ku duba ɗaya ɓangaren. Alhassan Ɗantata mutumin Bebeji ya yi fataucin goro daga wannan ƙasa, yana aika huhuna ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Daga baya ya shiga sayen gyaɗa a Kano. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa arziki a Afirka ta Yamma, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne. Yaƙin duniya biyu sun wuce ta kansa, farashi ya faɗi ya tashi, bai daina juya uwar kuɗi ba. Goro ya kai shi gyaɗa, zuriyarsa suka kai siminti.

Amma kada a ce kaya kaɗai ke ceto. A 1969 masu rumfa cike da kaya ma sun yi asara, domin duk abin da suka mallaka wuri ɗaya yake. Waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu maigida a wani gari da ya san gaskiyarsu, ya ba su kaya bashi ba tare da takarda ba. Amana jari ce da babu gwamnatin da za ta canza mata sifiri.

Matasa suna tambaya a kan hannun jari. Kasuwar hannun jari ta Ghana ta fara ciniki a Nuwamban 1990. A 2018 MTN ta sayar da hannun jarinta a kan pesuwa 75, zuwa 2024 ya haura sidi biyu, ban da ribar da ake rabawa. Amma a 2017 an soke lasisin UT Bank, wanda shi ma yana wannan kasuwa, masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu. Menzgold kuwa, da alkawarin riba mai tsoka kowane wata, kowa ya ga ƙarshenta a 2018. Wanda zai shiga ya san sana'ar kamfanin, ya tambayi malamai ko halal ce, kuma ya sa kuɗin da zai iya mantawa da shi shekara biyar ko goma. Kuɗin lodin gobe ba na can ba ne.

Shawarata ga 'yan ƙungiya huɗu ce. Kada ka karyar da kayanka ranar da labari ya fi zafi, domin ranar ce mai saye yake yanka farashi. Kada ka tara duk ƙarfinka a kuɗin ƙasa ɗaya, ko kaya iri ɗaya, ko iyaka ɗaya. In Aflao ta cije, Paga tana nan. Ka gyara takardunka, na zama da na mota da na kaya, tun ba a nema ba. Sannan ka rubuta wanda kake bi da wanda yake bin ka, ka nuna wa 'ya'yanka, domin jari da yawa a zango magada ne suka rasa inda yake.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share wannan hanya, ya tsare masu tafiya, ya sa albarka a cinikinmu.