Gani Ya Kori Ji: Yawon Ƙafa Cikin Birnin Kano



An nemi mu yi bayani a kan yawon da muka yi cikin birnin Kano da ƙafa, mu faɗi abin da muka gani da abin da muka ƙaru da shi. To, kafin mu shiga cikin magana ya kamata mu fara da faɗin laifinmu. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana kallon badala, ba abin da ya raba su sai titi. Duk da haka a cikinmu akwai wanda ya shekara 3 yana wucewa ta bakin Ƙofar Kabuga safe da yamma, cikin bas ko a-daidaita-sahu, bai taɓa sauka ya tambayi wanda ya gina ta ba. Mun iya zana taswirar Turai da ka, mun haddace shekarar juyin mulkin Faransa, amma in aka ajiye mu a tsakiyar Kurmi aka ce mu fita ta Ƙofar Mazugal, sai mun nemi yaron da zai yi mana ja-gora. Wannan abin kunya shi ne ya fitar da mu.

Muka zaɓi wata Asabar cikin sanyi, muka hallara a Kabuga bayan sallar asuba, kowa da littafi da alƙalami, muka yi alkawari ba mai hawa abin hawa sai mun fita ta Ƙofar Mata.

Abu na farko da muka tsaya a kansa shi ne ita kanta badalar. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda masana suka ƙiyasta ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gininta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, sa'an nan Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17, har kewayenta ya haura mil 10. Duk wannan aiki da kwando da hannu aka yi shi. Kuma magabata ba su tsaya ga kewaye gidaje kaɗai ba, sai da suka haɗa da gonaki a ciki, domin in abokan gaba sun yi wa birni ƙawanya a sami abin da za a ci. Ta wannan kusurwa ta Kabuga da Dukawuya ne sojan Ingila suka shiga ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Abin da igwar Nasara ba ta rushe ba a wannan rana, mu muka rushe shi da hannunmu. Mun ga inda ruwan sama ya zaizaye, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne in ban da rashin yaɓe. Amma mun ga inda aka haƙe ƙasar aka buga tubali, da inda aka mai da ita juji, da inda aka share ta ƙaf aka kafa kantuna. A 2007 aka sa sunanta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Wanda ya bi gindinta da ƙafa dole ya tambayi kansa, in baƙin sun zo dubawa, me za mu nuna musu?

Daga nan muka bi ta gindin Goron Dutse muka nufi Dala, muka hau tun rana ba ta yi zafi ba. Nan ne tushen garin. Masu binciken ƙasa sun sami alamun narkar da tama a wannan wuri tun wajen ƙarni na 7, watau kafin zuwan Bagauda da ɗaruruwan shekaru. Nan kuma aka ce Barbushe yake hawa ya gana da Tsumburbura, ya sauko ya gaya wa mutanensa abin da zai faru a shekara. Yau kuwa ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ita ce ranar da yara da manya ke cika dutsen. Daga samansa mutum yana hango hasumiyoyin Babban Masallaci, yana kuma ganin yadda kwano ya maye gurbin soraye. In ka duba ƙasa sai ka ga lunguna sun cakuɗe kamar saƙar gizo, har wani daga cikinmu mai karatun tsara birane ya ce wannan ai rashin tsari ne. Da muka sauka muka shiga cikinsu, rana ta take, sai ya janye maganarsa. Domin kuwa ƙuncin lungun shi ke ba da inuwa, katangar ƙasa tana riƙe sanyi, kwanar da ke gaban zaure tana kare mutuncin cikin gida, ga dakali a ƙofa inda dattawa ke zama suna lura da mai shiga da mai fita. Tsari ne, sai dai ba irin wanda aka koya mana a aji ba.

Abu na uku, wanda muke roƙon ku riƙe shi da kyau, shi ne sunayen unguwanni. Mai mota ba ya jin su, don ba a rubuce suke a bakin titi ba, sai wanda ya tsaya ya yi sallama ya tambaya. A Madabo aka nuna mana masallacin da ake dangantawa da Wangarawa, malaman da suka zo daga Mali, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. A Sharifai akwai zuriyar Shehu Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya sauka Kano wajen 1492 ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan sha'anin mulki. Ga Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi su ne Larabawan Tarabulus da Gadamus, domin su aka fara kira da wannan suna tun ba a san Nasara ba. Ga Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Agalawa waɗanda asalinsu ke Azbin, suka zama manyan fataken goro zuwa Gwanja. Jama'a, duk wanda ya bi waɗannan unguwanni cikin yini guda, da wuya ya sake buɗe baki a zauren muhawara ya ce wane baƙo ne, wane ɗan ƙasa. Baƙi suka gina Kano, Kano kuma ta mai da su 'ya'yanta.

A wani lungu kusa da Jakara wani abu ya same mu wanda ya fi duk tarihin da muka ji tsaya mana a rai. Muka iske wani dattijo a kan dakali, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa a daƙile, yana kallon littattafan da ke hannunmu, sa'an nan ya ce, "Samari, gidan wa za a shafa wa jan fenti?" Muka ce, "Baba, mu ɗalibai ne, tarihi muka zo tambaya." Ya yi shiru, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin ɗan boko ya shigo lungun nan da takarda ba sai da ɗayan uku: ko rusau, ko haraji, ko neman ƙuri'a. Da ya tabbata ba ko ɗaya ya kawo mu, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa, ya shiga lissafa mana waɗanda suka zauna gidan tun daga kakan kakansa. Ya nuna mana azarar rufin, ta giginya ce, ya ce ta girmi ubansa, gara ba ta taɓa ta ba. Muka fito jikinmu a sanyaye. Ashe haka mutanenmu suke ganinmu.

Shi ne kuma ya jawo hankalinmu ga maganar kududdufai. Kowane gidan ƙasa da ke birni, ramin da aka ɗebo ƙasarsa yana nan kusa, kuma da damina waɗannan ramuka su ke haɗiye ruwan unguwa. Ba mu ce kududdufi abin so ba ne, gidan sauro ne, tun 1851 ma Barth ya yi kuka da ƙazantarsu. Amma da aka bi su ana cikewa ana yanka filaye ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba, sai ruwan ya nemi hanya da kansa, ya bi ta ɗakunan mutane. A takardar ofis, kududdufi fili ne da ba kowa. Sai ka tsaya a bakinsa za ka ga inda kwatocin unguwa suka nufa.

Muka shiga Kasuwar Kurmi da hantsi. Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta. Har yanzu kowace sana'a da layinta: 'yan sirdi da linzami, dukawa, 'yan koli, masu littattafai, masu kanwa da kayan yaji. Clapperton, Baturen Ingila da ya zo a 1824, a nan ya sayi laima ƙirar ƙasarsu wadda ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Ya kuma ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, in an kai ta har Barno aka tarar da aibi sai a komo da ita, dillalin ya nemo mai ita ya biya. Ku duba wannan amana, ku gwada da cinikin zamaninmu. Amma kada mu faɗi rabin gaskiya. A cikin wannan kasuwa aka yi cinikin bayi, aka raba uwa da ɗanta. Wanda ya zo neman abin alfahari kaɗai bai zo neman tarihi ba.

Daga Kurmi muka yi kudu zuwa Babban Masallaci, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe a 1951, muka yi azahar. Muka kewaya katangar Gidan Rumfa zuwa Ƙofar Kudu, muka shiga Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya gina fada, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. A nan muka ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin birni, muka ɗaga kai muka ga ɗaurin guga, yadda magina suka tanƙwara azara da ƙasa suka rufe soro ba ginshiƙi a tsakiya. Masu karatun gine-gine a cikinmu suka yi ta zane, suna tambayar juna ko magina nawa suka rage da za su iya wannan aiki.

La'asar ta same mu a karofin Ƙofar Mata, wanda marina ke cewa tun 1498 yake. Muka ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rami, a bar su kwanaki su nuna, sa'an nan a riƙa tsoma zane ana ɗagawa yana shan iska, yana juyewa daga kore zuwa shuɗi a gaban idonka. Daga can gefe ana jin amon masu bugu. Amma ramukan da suka bushe sun fi masu ruwa yawa, domin atamfar kanti da rinin zamani sun kashe kasuwa. A nan yawonmu ya ƙare, ƙafa ta yi nauyi, tufafi sun yi buɗu-buɗu.

To, me ya sa muka ɗauki lokacinku da wannan labari? Dalili shi ne, mu ne masu riƙe fayil gobe, wasunmu ma sun fara. A cikin wannan zaure akwai wanda zai zauna a ofishin filaye, da wanda zai ja layin titi a kan taswira, da wanda zai ƙiyasta diyya. Birni dole ya sami titi da asibiti da magudanar ruwa, ba mu ce a bar mutane cikin ƙunci don baƙi su zo su yi kallo ba. Abin da muke cewa shi ne, layin da za ka ja cikin minti guda yana iya bi ta kan masallacin da ya shekara 500, ko zauren wancan dattijo. In ya zama tilas a rushe, to, a rushe da sani, bayan an je an gani an saurari masu wurin. Kada wani daga cikinmu ya sa hannu a kan unguwar da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta mai da wannan yawo al'ada, ko sau ɗaya a zangon karatu. Ga waɗanda za su fita, ga 'yar nasiha. A fita da sassafe, a yi shiga ta mutunci, kada a wuce mutum 10 a ƙungiya don lungu ba ya ɗaukar taro. A fara da gaida mai unguwa. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izninsa, kada a leƙa gidan da ba a ce a shiga ba. 'Yan'uwanmu mata su zo da yawa, domin su ne za su iya shiga cikin gida, inda tsofaffi mata ke riƙe da rabin labarin da maza ba su sani ba. A rubuta abin da aka ji, da sunan unguwa da ranar da aka ji shi, a kawo wa mujallar nan. Wanda kuma ba Bakano ba ne, in an yi hutu ya yi wa garinsu haka, ko Zariya ce, ko Katsina, ko Daura, ko Damagaram.

Dattijon nan ya ce mu komo, akwai sauran magana. Mun yi masa alkawarin Asabar ta farko bayan jarrabawa, in Allah ya kai mu. Mai son zuwa ya same mu a Ƙofar Kabuga bayan sallar asuba.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani waɗanda suka yi wahalar karatunmu.