Yarima Albert da Tafiyar Kwara ta 1841: Babin da Manhajarmu Ta Tsallake

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka ga abin da ke tafe da ni: ba za a fahimci yadda Turawan Ingila suka sa ƙafa a mahaɗar Kwara da Binuwai ba sai an koma ga wani Bajamushe da bai taɓa zuwa ƙasarmu ba, wato Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria.

An haife shi ranar 26 ga Agusta, 1819, kusa da garin Coburg na ƙasar Jamus, ɗa na biyu ga sarkin wata ƙaramar masarauta. Auren zumunci suka yi da Victoria ranar 10 ga Fabrairu, 1840, domin mahaifinsa yayan mahaifiyarta ne, taubasai ke nan. Ingila ba ta yi maraba da shi ba. Gwamnati ta nemi a riƙa ba shi fam 50,000 a shekara, majalisa ta rage zuwa fam 30,000. Sai a 1857 aka ba shi muƙamin mijin sarauniya a hukumance, bayan shekara 17 da aure. Saurayi ne mai ilimi, ya yi karatu a Jami'ar Bonn, amma ba shi da wani gurbi a tsarin mulkin ƙasar. Dole ya nemi abin da zai yi suna da shi.

Abin da ya fara kamawa shi ne batun Afirka. Ranar 1 ga Yuni, 1840, auren bai cika wata huɗu ba, ya shugabanci babban taro a zauren Exeter da ke Landan, inda ya yi jawabinsa na farko a bainar jama'ar Ingila. Taron na ƙungiyar da Thomas Fowell Buxton ya kafa ne a 1839 don kawar da cinikin bayi da kuma abin da suka kira wayar da kan Afirka. Hujjar Buxton ita ce jiragen sintiri a teku sun kasa, sai dai a shiga cikin ƙasa ta kogin Kwara, a ƙulla yarjejeniya da sarakuna, a maye cinikin mutane da noma da fatauci. Zaman mijin sarauniya a kujerar shugaba ya ba shirin martabar fada.

A 1841 jiragen ruwa uku masu tururi suka tashi ƙarƙashin Kyaftin Trotter: Albert, Wilberforce da Soudan. Sun shiga Kwara a watan Agusta, lokacin Sarkin Musulmi Abubakar Atiku yana kan gadon mulki a Sakkwato. Sun ƙulla yarjejeniya da Obin Aboh da Attan Igala a Idah, suka karɓi fili kusa da mahaɗar kogunan don gonar gwaji. Jirgin da ke ɗauke da sunan Yariman ya kai har Egga a ƙasar Nupe. Sai zazzaɓi ya far musu. Cikin Turawa kusan 150, fiye da 40 suka mutu, gonar ta watse, masu suka a Ingila suka yi ta yi wa shirin dariya.

A nan mafi yawan littattafai suke rufe babin, a nan kuma nake ja da su. Ku dubi waɗanda ke cikin jiragen. Akwai James Frederick Schön, shi ma Bajamushe, ɗan mishan. A 1843 ya buga littafin kalmomin Hausa, a 1862 nahawu, a 1876 ƙamus, a 1885 kuma Magana Hausa. Rubutun boko da muke amfani da shi yau yana da saiwa a wannan aiki, ko da yake ajami ya riga shi nesa ba kusa ba. Akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda ya gana da Victoria da Albert a fadar Windsor a 1851, ya zama bishop a 1864. Mutuwar 1841 kuma ta zama darasi: da Dakta Baikie ya shigo a 1854 yana ba mutanensa kwinin, bai rasa ko mutum ɗaya ba, daga baya ya kafa zango a Lakwaja. A Lakwajan ne Lugard, jagoran mulkin mallaka a Arewa, ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903.

Za a ce Albert ya rasu tun 14 ga Disamba, 1861, yana da shekara 42, bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Haka ne, ban kuma ce shi ya shirya mamaya ba. Ƙyamarsa ga cinikin bayi ta gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne hanyar da aka buɗe da sunan jinƙai ita sojoji suka biyo bayan shekara 59.

Abin takaici, ɗalibinmu na sakandare yana jin labarin kamar Lugard daga sama ya faɗo. Masu tsara manhaja sun fi son jerin sunayen gwamnoni da ranakun haddacewa, mun yi magana a taro bayan taro, amsar kullum ita ce za a kafa kwamiti. Rahotannin tafiyar 1841 suna nan a buge da Turanci fiye da shekara 170, cike da bayanin kasuwanni da sarautun bakin Kwara.

Don haka ina kira ga hukumomin ilimi su sa tafiyar 1841 a darasin tarihi na sakandare, sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu kuma su haɗa hannu su fassara waɗannan rahotanni, a gwada su da abin da malamanmu suka rubuta da Larabci da ajami a wannan zamani.