AMSOSHIN TAKARDUNKU: Keken Da Ake Tsere Da Shi Cikin Ɗaki

 Takardar da za mu fara da ita yau ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ya ce ɗansa da ke karatu a ƙasar Jamus ya aiko masa da hoton bidiyo ta waya, ga shi nan bisa keke a tsakar ɗaki, yana ta taka feda gumi na zuba, keken bai motsa ko taku ɗaya ba, ga kuma talabijin a gabansa. Yaron ya ce wai tsere yake yi da mutanen wasu ƙasashe. Alhaji yana so ya san ko da gaske ne, ko kuwa wasan yara ne. Sannan ya ƙara da cewa likita ya ce yana da hawan jini, ya riƙa motsa jiki, shi kuwa yaron yana so ya tara kuɗi ya sayo masa irin wannan abu. Shin ya yarda ko ya hana?

To Alhaji, mun gode da takardarka. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, tseren yake yi.

Bari mu fara da shi kansa abin. Keke ne irin wanda ka sani, sai dai an kwance ƙafarsa ta baya an ɗora shi bisa wata na'ura mai nauyi da ke zaune a ƙasa, sarƙar keken tana juya na'urar maimakon ta juya taya. Akwai kuma irin da ba a cire ƙafar, tayar ce take gogar wani ƙarfe mai juyawa. Mu dai a nan bari mu kira shi turken keke, don kuwa keken yana nan ɗaure kamar doki a turke, sai sukuwa a wuri ɗaya.

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai fitilar dinamo ya riga ya san rabin sirrin. Ka tuna idan dare ya yi ka kwantar da dinamo jikin taya, nan take za ka ji feda ta ƙara nauyi. To a cikin turken nan akwai maganaɗisu na lantarki da ke yin irin wannan aiki, yana riƙe wani faifan ƙarfe mai juyawa. In an ƙara masa wuta feda ta yi nauyi kamar kana hawan dutse, in an rage ta yi sakayau kamar kana gangara. Na'urar kuma tana auna ƙarfin da ƙafarka ke bayarwa, da ma'aunin da ake kira wat, wato wanda ake rubutawa jikin ƙwan lantarki. Mutum mai lafiya da bai saba ba zai iya riƙe kamar wat 100 na tsawon awa guda. Manyan 'yan tseren duniya kuwa sukan riƙe wajen wat 400 yayin hawan dutse. Ƙarfin doki ɗaya da ake faɗa wa injin ban ruwa wat 746 ne, ka ga ke nan ko gwanin gwanaye bai kama ƙafar ƙaramin injinka na fadama ba.

Wannan awo shi na'urar take aikawa, ba tare da waya ba, zuwa kwamfuta ko wayar hannu. Manhajar da ke ciki sai ta haɗa ƙarfinka da nauyin jikinka da tudun hanyar da ke kan allo, ta lissafa gudun da za ka yi da a ce kan hanyar gaske kake. Sai ka ga wani ɗan mutum-mutumi bisa keke yana tafiya a madadinka. Ka taka da ƙarfi ya ruga, ka saki feda ya tsaya. In ya iso tudu, manhajar ta gaya wa turke, turke ya ɗaure maka feda. Sauran mahayan da kake gani gaba da baya kuwa, kowanne mutum ne na gaske, yana can ɗakinsa a Japan ko Brazil ko Afirka ta Kudu, intanet ce ta tara ku a hanya ɗaya. Har ma in ka laɓe bayan wani, manhajar takan sauƙaƙa maka gudu, kamar yadda na gaba yake tare wa na baya iska a hanyar gaske.

Me ya kai su ga wannan? Sanyi da duhu da cunkoson motoci. A birnin Landan, cikin watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ma'aikaci ya tashi daga ofis ya tarar dare ya yi, ga ruwa ga ƙanƙara, ina zai hau keke? Tun shekarun 1980 wani kamfani a birnin Siyatil na Amurka ya fito da turke mai haɗuwa da kwamfuta, ana kiransa CompuTrainer. Amma abin bai bazu ba sai da kamfanin Wahoo ya fito da nasa mai suna Kickr wajen 2012, sannan a 2014 Eric Min da Jon Mayfield da abokansu suka kafa manhajar Zwift a jihar Kalifoniya. Ita Zwift duniyar zane ce, har da wani tsibirin ƙirƙira da suka sa wa suna Watopia. A cikinsa akwai dutsen da aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez na Faransa, mai kwana 21, hawansa ya haura mita dubu. Wata manhajar kuma, Rouvy, wadda aka ƙirƙiro a ƙasar Cek, hoton bidiyo na hanyoyin gaske take nuna maka.

Game da ko wasan yara ne, ga labarin da ya sa masu raina abin suka yi shiru. A ƙarshen watan Fabrairun 2016 wani ɗan tseren Ostareliya, Mathew Hayman, ya faɗi a wata gasa a Beljiyam ya karye a hannu. Ba dama ya hau titi. Sai ya kafa kekensa a gareji, ya riƙa atisaye da Zwift. Bayan kamar mako shida, ran 10 ga Afrilu, ya shiga tseren Paris-Roubaix, tafiyar fiye da kilomita 250 wadda wani ɓangarenta kan tsoffin hanyoyin duwatsu ake yi, ya kuwa zo na ɗaya yana da shekara 37. Wani ɗan ƙasarsu, Jay Vine, ta gasar neman gwanaye ta Zwift ya samu shiga ƙungiyar ƙwararru a 2020, a 2022 kuma ya ci zango biyu a babban tseren zagaya ƙasar Sifen.

Shekarar 2020 ɗin nan, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, ita ce kakar wannan sana'a. An ɗage tseren Tour de France zuwa ƙarshen Agusta, a watan Yuli sai ƙwararru suka yi kwatankwacinsa daga gidajensu. A watan Disamba hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere. A ɓangaren mata 'yar Afirka ta Kudu ce ta ci, Ashleigh Moolman-Pasio. A ɓangaren maza kuwa wani Bajamushe ne, Jason Osborne, wanda asalinsa ma ɗan tseren kwale-kwale ne. A 2024 an mayar da gasar kan manhajar MyWhoosh, aka tara waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a zaure ɗaya a Abu Dhabi.

Tara su wuri ɗaya yana da amfani, kuma ku 'yan kasuwa za ku fi kowa ganewa. Tun da manhajar da nauyin mutum take lissafi, mai kilo 80 in ya rubuta 70 sai ya riƙa hawa tudu kamar tsuntsu. Tauye mudu ke nan, ba wani abu ba. Shi ya sa a manyan gasa ake sa mutum ya hau sikeli a gaban kyamara, a kuma binciki awon turkensa. A 2019 ma an ƙwace kambun wanda ya ci gasar Birtaniya, bayan an gano cewa dabarar kwamfuta aka yi amfani da ita, ba ƙafarsa ba, wajen samo masa wani keken musamman na cikin manhajar.

Yanzu sai batunka kai kanka, Alhaji. Turke mai kyau yakan kama daga dala ɗari biyar zuwa sama da dubu, ban da keken, wanda sai mai giya irin na tsere ya fi dacewa da shi. Zwift kuma kuɗin wata ake biya, a 2024 sun mayar da shi kusan dala 20. Ga kuɗin intanet, ga wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar tafiya. Ga kuma fanka, wadda ba ado ba ce. Jikin ɗan Adam in yana aiki, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin abincin da ya ƙona yake isa feda, sauran duk zafi ne. A kan hanya iska tana kwashe wannan zafi, a ɗaki kuwa babu mai kwashewa. Bature a cikin hunturu ma sai ya kunna fanka, balle kai a Kano cikin watan Afrilu.

Ni a ganina kada ka bar yaron ya kashe wannan kuɗi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar, irin wanda numfashinka zai ƙaru amma kana iya magana. Tsohon Raleigh ɗinka, in yana nan jingine a zaure, a kai shi wajen mai gyara a sa masa taya da burki, ka riƙa zagayawa da sassafe kafin rana ta yi zafi, ta hanyar da manyan motoci ba su cika bi ba. Tafiya da ƙafa da ɗan sauri ma ta wadatar. In kuwa gwiwa ko tsoron titi ne matsalar, akwai keken motsa jiki na tsaye wanda ba ya bukatar wuta ko intanet, kuɗinsa bai kusa da wancan ba. Wani abin lura kuma, ita wannan manhaja an gina ta ne don ta zuga mutum, ka ga wani ya wuce ka zuciya ta ɗebe ka ka bi shi. Mai hawan jini da ya daɗe bai motsa ba, ba da tsere ake so ya fara ba. Ka koma wurin likitan ya faɗa maka iyakarka, kada ka bar shan magani don ka fara motsa jiki, in kuma ka ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa, ka sauka nan take a kai ka asibiti.

Akwai kuma wani manomi daga yankin Maraɗi da ya ji labarin wannan keke, yana tambaya ko za a iya samun wutar gida da shi. Malam, ana samu, amma kaɗan ce. Akwai ma turken kamfanin Tacx na ƙasar Holan mai suna Neo, wanda yake iya aiki ba a jona shi da wuta ba, da ƙarfin mahayin yake ciyar da kansa. Sai dai yi lissafi: wat 100 na awa guda zai caja wayar hannu kamar biyar ko shida, ko ya kunna ƙananan fitilu na 'yan awoyi. Faifan sola mai wat 100 zai ba ka ninkin wannan sau huɗu ko biyar a yini guda, kana can gona abinka.

Sauran takardun da suka iso, har da ta masu tambaya kan ajiyar wake, sai a shiri na gaba.