KALMOMIN TURANCI MASU FARAWA DA HARAFIN A: ABIN LURA KAFIN A SA HANNU

Turanci shi ne harshen aikin hukuma a Nijeriya. Da shi ake rubuta takardun kotu da na banki da na filaye, ko a Sakkwato mutum yake zaune ko a Fatakwal. Saboda haka manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci, kowa wata rana za a miƙa masa takarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wannan jawabi zai bayyana waɗansu kalmomi masu farawa da harafin A, waɗanda rashin sanin ma'anarsu kan jawo wa mutum hasara.

Da fari akwai kalmomin neman abu wurin hukuma. Application ita ce takardar neman aiki ko fili ko rance, mai neman kuwa shi ne Applicant. In amsa ta zo da kalmar Acknowledged, ma'anarta takardar ta iso hannu, ke nan. Sai an rubuta Approved ne aka amince da buƙata. Wanda ya soma zuba tubali a fili da takardar farko, ya yi gini ba da izini ba, ana kuwa iya rushe shi.

Na biyu, kalmomin kuɗi. Account shi ne asusun ajiya a banki. Amount shi ne adadin kuɗi, akan kuma rubuta shi sau biyu a caki, da lambobi da kalmomi. Idan suka saɓa, doka ta fifita na kalmomi, ko da yake banki yakan mayar da cakin a gyara. Allowance shi ne alawus, wato ƙari a kan albashi. Advance kuɗi ne da aka ba mutum tun lokacin biya bai yi ba, za a kuma yanke daga baya. Wanda ya karɓi naira 10,000 da wannan suna, kada ya ɗauka kyauta ce. Arrears kuwa bashi ne da ya taru: ariyas ɗin albashi ma'aikaci ne ke bi, amma na haya ko haraji shi ake bi.

Na uku, kalmomin fili da gida. Agreement yarjejeniya ce, tana kuma ɗaure duk wanda ya sa hannu a kanta. Assignment ita ce miƙa wa wani haƙƙin da mutum yake da shi a kan fili gaba ɗaya. Ba haya ba ce, ba kuma jingina ba. Mai nufin jinginar da gidansa don biyan wata buƙata, in ya ga wannan kalma a kan takarda, ya dakata. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a miƙa filin da gwamna ya ba da izinin riƙewa sai da yardar gwamnan jihar.

Na huɗu, kalmomin shari'a. Accused shi ne wanda ake tuhuma, kuma ba shi da laifi a idon doka sai an tabbatar da laifin. Adjourned na nufin an ɗage zama zuwa wata rana, wajibi ne kuwa a komo ranar. Acquitted na nufin kotu ta wanke mutum. Appeal shi ne ɗaukaka ƙara, yana da ƙayyadadden lokaci, in ya wuce sai an nemi izinin kotu. Affidavit takardar rantsuwa ce, kamar wadda ake yi domin shaidar shekaru. Wanda ya rantse a kan ƙarya yana sane, ya yi laifin da ake ɗauri a kansa, ko da wani ne ya rubuta masa takardar.

Doka ba ta manta da wanda bai ji Turanci ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi ikon samun tafinta kyauta in bai fahimci harshen kotu ba. A jihohi da dama kuma akwai dokar da ta wajabta wa mai rubuta takarda a madadin wanda bai iya karatu ba ya sa sunansa da adireshinsa, shaida cewa an karanta wa mai ita, an yi masa bayani, kafin ya dangwala yatsa.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya riƙe abu uku. Kada ya sa hannu a kan farar takarda ko wadda aka bar gurbi a cikinta. Ya nemi amintacce, wanda ba shi da rabo a cikin cinikin, ya fassara masa kalma bayan kalma. Ya kuma karɓi kofin takardar ya adana. Matambayi ba ya ɓata, kuma jinkirin kwana ɗaya ya fi shari'ar shekara biyar sauƙi.